Na Taɓa Na'urar Yayata, Ita Kuma Tana Ta Murna

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan na rasa sukuni. Ni ɗalibar aji biyar ce a sakandare. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Yayata tana digiri na uku a kimiyyar haske. Aikinta a kan wani ɗan gilashi ne da bai kai farce ba, an huda masa ramuka sahu-sahu waɗanda ido ba ya gani. Tana tura hasken leza ya ratsa shi, ya fito ya zana layuka ja da baƙi a kwamfuta. Ta ce in haske ya yi zagaye a cikin gilashin, ko da ya dawo inda ya faro, takunsa yakan ɗan sauya, sai layukan su gusa gefe. Wannan gusawar take nema shekara biyu, har ta rame.

Da hutu ta tafi da ni ɗakin gwajinsu, don ta san ina son kimiyya. Tun daga ƙofa ta ja mini kunne kada in taɓa komai a kan babban teburin ƙarfe. Can sai malaminta ya kira ta, ta fita. Anti, akwai wani baƙin zobe mai lambobi a jikinsa da gilashi a tsakiya, hasken yana bi ta cikinsa. Lambar kawai na so in karanta. Na juya shi kaɗan, layukan suka motsa, na yi maza na mayar. Amma ban duba inda yake tun farko ba, saboda haka ban san ko na mayar daidai ba.

Washegari ta dawo gida tana kukan daɗi, wai layukan sun gusa. Ta rungume ni tana kirana Farfesa, sunan da take tsokanata da shi. Baba bai gane komai ba, amma sai faɗa wa abokansa yake 'yarsa ta kama haske yana ɗingishi. Ranar Litinin za ta gabatar da sakamakon a gaban malamanta. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinta ina juyowa. In na faɗa, na kashe mata murna, kuma da wane ido zan dube ta? In na yi shiru, wataƙila aikin hannuna ne za ta je ta nuna wa mutane. Ko kuwa abin da ta gani gaskiya ne, ni ce nake tayar da hankalina a banza? Yaya zan yi?

Ƙanwar Mai Bincike

AMSA

'Yata, ki faɗa mata yau. Kada ki bari sai gobe.

Kin yi laifi, an hana ki kin taɓa. Amma son sani ne ya ja ki, ba mugunta ba, kuma ba ki fasa komai ba. Ita ma da nata laifin, tun da ta bar baƙuwa ita kaɗai da na'ura a kunne. Abin da zai zama babban laifi shi ne shirun nan.

Na tambayi wata malamar kimiyya. Ta ce juya irin wannan zobe shi kaɗai yana iya gusar da layuka, kuma yana yiwuwa sakamakon yayarki na gaske ne. Ni da ke ba za mu iya tantancewa ba. Ita za ta iya, ta saita zoben ta sake awo, in har kin ba ta lokaci. Kowace rana kika ƙara, kwanakinta kike ci. Gara ta ji daga bakinki a ɗaki da ta ji daga bakin malami a gaban taro.

Tun da magana tana yi miki nauyi, rubuta a takarda: wane zobe, wace rana, ta wane gefe kika juya. Ki miƙa mata da hannunki, ki tsaya ta karanta. Kada ki fara kai wa Baba ko Mama, aikinta ne. Za ta yi fushi, wataƙila ta kwana biyu ba ta kula ki ba. Ki jure, kada ki kare kanki, kada kuma ki daina son kimiyya saboda wannan.

Allah Ya ba ki ƙarfin hali, Ya sa awonta na biyu ya faranta muku rai.