Rifkatu Ba Ta Cewa Da Zafi

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa da ladabi daga ɗanki Yohanna. Shekara biyu ke nan da muka binne ki a Madakiya, kuma akwai maganar da ya zama dole in yi miki.

Daga Turai nake rubutu. Wani asibitin mishan ne ya yi hanyar kawo jikarki Rifkatu, aka dasa mata na'urar ji a cikin kunne. Wurin aikin ya warke. Saura a daidaita ƙarfin na'urar, kuma a nan muka tsaya.

Kin tuna lokacin da sanƙarau ya tafi da jinta. Kin ƙi yarda a kira ta kurma a Kafanchan. Kika zaunar da ita a bakin murhu, kika koya mata kallon fuskar babba: in baki ya motsa, ta durƙusa ta ce na'am. A majami'a kina taɓa ƙafarta da taki in lokacin miƙewa ya yi. Kina cewa, "Jikata tana ji, kunya ce ta yi mata yawa." Na san ba haka ba ne. Na yi shiru.

Ta koya sosai, Mama. Likitar da ke duba ta a nan ta ce mata ta ɗaga hannu in ta ji sauti. Sai ta riƙa ɗagawa duk sa'ad da girar likitar ta motsa, har da lokacin da na'urar take a kashe.

Don haka suka daina tambayarta. Suka sa ta barci, suka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunne. Suna tura ɗan lantarki ta na'urar, suna duba amsar da tushen ƙwaƙwalwarta ke bayarwa. Na ga wani layi a allo yana tafiya a miƙe, sannan ya yi ɗan tudu. Suna rage ƙarfi, tudun yana ƙanƙancewa, har ya ɓace. Daga nan suka kimanta mafi ƙarancin sautin da za ta iya ji. Jijiyar jinta tana da rai. 

Amma likitar ba ta ɓoye mini ba: kimantawa ce kawai. Layin bai tabbatar da inda sauti ke komawa azaba ba. Wannan sai yarinyar ta faɗa da bakinta.

Shekaranjiya aka ƙara ƙarfin kaɗan. Kafaɗunta suka ɗaga, hawaye na zuba, tana murmushi tana ce wa likitar lafiya lau.

Nan da mako uku za mu koma gida, inda babu wanda ya san yadda ake taɓa wannan na'ura. Yadda aka saita ta, haka za ta ɗauke ta kullum.

Ba na tuhumarki. Kin kare ta da abin da kike da shi. Ni da na yi jami'a, ni ya kamata in buɗe baki tun a bakin murhun.

Jiya na zaunar da ita. Na mintsini hannuna, na ɓata fuska, na rubuta mata a takarda: da zafi. Sannan na mintsini nata. Ta daɗe tana duban fuskata, tana neman amsar da nake so. Mama, ban san wace fuska zan nuna mata ba.

Ubangiji ya ƙara miki hutawa. Ita kuma ya ba ta bakin faɗar abin da ke mata ciwo kafin mu hau jirgi.

Ɗanki,
Yohanna