Ɗinkin da Ke Cikin Kaftaninka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Takarda daga hannun mai ɗakinka zuwa gare ka, Malam. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san ba mai kai maka ita. Motar Bauchi ba ta zuwa inda kake, jirgin ƙasa ma haka. Ajamin nan nawa da kake cewa kamar kaza ta taka tawada, yau ba mai yi masa dariya. Amma magana ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma shekara ashirin da takwas ban saba kai kukana wurin kowa ba sai kai.

Bayan haka, ga labarin gida. Na fita takaba ranar Larabar da ta wuce. Adda, yayarka, ta zo daga Manawashi ta kwana biyu, ta yi mini kitso tana faɗa, wai na bar kaina kamar saƙar gizo. 'Yarmu Jummai ta yaye yaronta, yana ta ƙiriniya. Jar akuyar ta haifi biyu, ɗaya bai kwana ba. Katangar bayan ɗaki da ka ce za ka yaɓe ta zube da ruwan farko, na sa zana na kare. An zuba kwalta a hanyar Bolari, gari ya cika da sababbin motoci da babura, kowane gida rediyo na kuka, amma famfon bakin titi yau kwana tara bai kawo ko ɗigo ba. An raba gado lafiya, ba wanda ya ɗaga murya. Shuɗin kaftaninka na shadda, na zuwa Juma'a, ya faɗa a rabon ɗanka Bappa. A kansa nake rubuto maka.

Ka tuna wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah, da ka sa shi ka tsaya a ƙofar ɗaki? Kafaɗar ta zamo, wuyan ya saki. Ka ja nan, ka ja can, ka ce masu bugu sun buɗa maka riga. Bakinka ne ya faɗi haka, idonka kuwa tsoro na gani a ciki. Na san abin da ka tuna: mahaifinka, da yadda ciwo ya yi ta cinsa har aka riƙa ɗaukarsa kamar damin kara. Ranar ba ka taɓa tuwon dare ba.

Washegari da ka tafi wurin awon auduga, na ɗora talge, na ɗauko kaftanin daga akwati. Na juya shi, na kama yatsa biyu ta kowane gefe, daga hammata zuwa ƙasa, na ɗinke da zare shuɗi, ƙanana ƙanana yadda ba za a gani ba. Ban sa almakashi ba. Na ce a raina idan ka murmure sai in warware, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Talgen ya kama a gindi ranar, ka ce tuwon yana ƙauri, na ce itacen ne ɗanye. Ka ga ƙarya ta biyu ke nan, tun ta farko ba ta kwana ba.

Da Juma'a ta zagayo ka sa shi ya zauna maka daram. Ka yi dariya, ka ce ashe idonka ne. Ka ci malmala biyu. Malam, wallahi ranar na ɗauka lada na samu.

Bayan makonni ya sake yi maka yawa, na sake kamawa. Na bi jamfofin aikinka ma, da wandunan. Na zama ɓarauniya a cikin gidana. Ina jin ƙarar kekenka ta bar lungu sai in ɗauko allura. In yi kamu ɗaya in tashi in kori kaji daga shanyar gero, in dawo, in tashi in motsa miya, in dawo. Idan aka yi sallama sai in tura rigar ƙarƙashin faifai. Ni da ba na iya cin goron da na tsinta a tsakar gida sai na tambayi mai shi. Ina tsoron Allah a kan goro, ban ji tsoronsa a kan ranka ba?

Na huɗu shi ne wanda ba ya barina barci. Na yi shi ana jibi babbar Sallah, don na san Bappa zai zo daga Bauchi. Ya zo kuwa, ya durƙusa ya gaishe ka, ya daɗe yana kallon wuyanka. Ya ce ka rame, ya ce zai ari motar ofishinsu ya kai ka asibiti Jos a duba ka. Kai kuma ka miƙe, ka tuɓe babbar riga, ka buɗe hannuwa. Ka ce ya dubi kaftanin nan, shekara uku da telan Bolari ya ɗinka shi, ko ƙwayar gero bai motsa ba, yaran boko dai ba su da aiki sai neman ciwo a jikin mai lafiya. Sannan ka ce in bai yarda ba ya tambayi uwarsa.

Ina gaban murhu, ina soya nama. Na ji ka sarai. Na sunkuya na hura wutar da take ci. Malaminmu na allo ya sha faɗa mana cewa ɓoye shaida zunubi ne mai nauyi, na haddace tun ina yarinya, ranar kuma na hura wuta. Bappa ya ɗauki shiruna a matsayin amsa, ya koma Bauchi da ƙullin namansa. Wata biyu bayan nan ka faɗi a gaban sikeli, aka kai ka Jos ɗin a kwance. Likita ya ce an makara.

Na sani kwana idan ya ƙare ya ƙare, ba allura ba ce ta kashe ka. Adda ta faɗa, liman ya faɗa, ni ma ina faɗa wa masu zuwa gaisuwa. Amma sanin nan bai taɓa sauka daga kaina ya shiga ƙirjina ba.

Ranar da aka dawo da kai gida, na riƙe ƙafarka na ce ka yafe mini. Ka ce ka yafe duniya da lahira. Ban faɗi laifin ba, Malam. Duk tsawon takaba tambaya ɗaya nake juyawa tare da tasbaha: yafiyar da mutum ya yi bai san abin da yake yafewa ba, ta karɓu?

To shekaranjiya Bappa ya aiko, wai yana tafe gobe Juma'a, in taimaka in duba kaftanin, ya gwada ranar rabo ya ƙi shigarsa. Wai mamaki yake, ai jikinku ɗaya. Yana so ya je masallaci da shi.

Yau da hantsi, bayan na yi shara na wanke kwanuka, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki na juya shi. Layi huɗu na sani, don ni na yi su. Sai na ga biyar.

Na biyar ɗin yana can ciki, ya wuce nawa da yatsa uku. Baƙin zare ne. Ɗinki manya manya, a karkace, zaren ya nannaɗo ta baki, irin yadda ake ɗinke bakin buhun auduga da basilla. Ba ka san wani ɗinki ba a duniya sai shi. Na zauna ina kallonsa har rana ta cim mini, kaji suka shiga madafa suka kifar da tsakin da na jiƙa, ban tashi ba.

Yanzu na gane abin da ya sa bayan Sallah ka hana ni wanke shi. Kana dawowa daga masallaci ka ninke da kanka ka sa a akwati, ka ce bai yi datti ba, wanki yana kashe shadda. Na ɗauka tattali ne. A ina ka zauna ka yi shi? A rumfar awo, a bayan buhuna? Wa ya zura maka zaren, kai da ba ka ganin kafar allura?

Kuma ba yadda za a yi ka juya rigar nan ba ka ga nawa huɗun ba. Ka gani. Ka ƙirga. Ka yi shiru, ka ƙara naka don kada in ga ta sake yi maka yawa. Ashe da na riƙe ƙafarka ka san abin da nake roƙo.

Na so in ji sanyi, Malam. Ban ji ba. Abin da nake gani kawai mu biyu ne a kan tabarma ɗaya, ina zuba maka kunu ina cewa ka yi kyan gani yau, kana cewa ai ƙarfi yana dawowa. Ka san tafiya kake yi, na san tafiya kake yi, kowa ya ƙulle nasa. Da ɗayanmu ya buɗe baki, ko ba a je Jos ba, ai da mun yi kuka tare. Da ka faɗa mini yadda zan yi da gidan nan. Da na faɗa maka ban taɓa ƙosawa da kai ba, ko shekarar da auduga ta lalace muka wuni a kan rama da ƙuli. Me muka tsare da shirun nan? Wa muka saya wa kwana ɗaya?

Bayan azahar na ɗauki reza na warware nawa, ɗaya bayan ɗaya, ina tashi ina duba wake a wuta. Huɗun duk sun fita, rigar ba ta buɗe ko kaɗan ba, don naka ne ke riƙe da ita. Na kai reza bakinsa sau uku ina janyewa. Ba ka bar mini komai da ka yi da hannunka domina ba sai wannan karkataccen ɗinki.

Amma rigar ba tawa ba ce, ta Bappa ce, Allah ne Ya ba shi. Ba ni da ikon hana ta shigarsa. Kuma ko na warware, sawun allura ba ya ɓacewa a shadda. Inda na ninke ya fi sauran duhu, layi layi, ko dutsen guga bai kwantar da shi ba, na gwada. Zai gani, ba yaro ba ne. Gobe idan ya ci abinci zan zaunar da shi in faɗa masa abin da shiruna na ranar Sallah yake nufi. Ni da ban taɓa kiran sunansa na yanka ba don kunyar ɗan fari, gobe zan dubi idonsa in ce na hana shi kai ubansa asibiti. Kai ka yafe. Shi ban sani ba, kuma idan ya tashi ya fita, ba zan ga laifinsa ba.

Ana kiran la'asar. Idan na idar zan warware naka, a hankali, ba zan tsinka shi ba. Zaren zan riƙe. Na san shi ma a cikin rabon yaron yake, zan roƙe shi ya bar mini. Idan ya ƙi in miƙa masa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Ka ci gaba da yafe mini, don ni ban iya ba.

Ni ce mai ɗakinka,
Hauwa'u,
daga gidanka na Dawaki, Gombe, yau Alhamis.