Yadda Kakanki Yash Shiga Ramin Rini

Daga Isa, zuwa ga jikata Nana Hauwa a Kaduna. Ni kakarki Mairama nike magana, Fatu matar Labbo ƙanen babanki ke rubutawa, don kin san ni da alƙalami ba mu taɓa gaisawa ba.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina roƙon Ubangiji takardar ga ta iske ki lafiya, ke da babanki da mamarki da ƙannenki, shi tsare ku da ciwo da mugun ji. Mu nan lafiya muke, sai guiwa da ke yi mani tsiya in za ni tashi. Akuyar da kika bar mani ta haifi biyu, ɗaya ɓarauniya ta, awa uwarta.

Ƙawata, da Fatu tak karanta mani za a yi maki baftisma ran Ista, wallahi guɗa nis saki har kaji sunka watse! Na taka rawa da sandata a tsakar gida. Anka ce cocinku akwai kwami na siminti, a murɗa famfo shi cika. Kai, duniya! To zauna ki ji ta kakanki. Fatu ta ce in faɗi sunanshi don ki sani, Bawa na, Allah shi gafarta mani bakina.

Ni na riga shi bin Yesu da daɗewa, ta hannun Yarabawa 'yan Ogbomosho masu tireda, su sunka kafa muna cocin Baftis a nan. Shi kuwa na gado shike bi, ba masallaci ba coci, jan zakaranshi kawai da dutsen kakanninshi. Ran Lahadi shi rako ni, shi zauna gindin kurna bakin coci shina tufkar igiya har mu tashi. Ban taɓa jan hannunshi ba. Fastonmu ya sha faɗa muna kakanninmu na bangaskiya kurkuku sunka sha don sun ce ba sarkin da ke zaɓa wa mutum addini, ko jariri ba mu yi mashi baftisma sai ya girma ya buɗa bakinshi da kanshi. To wanda ba ya tilasta wa jariri, ina za shi tilasta wa mai furfura?

Sai ga farin nan na bayan yaƙin basasa. Gero shi fito shi ƙone tsaye. Gulbin Bunsuru yaz zama rairayi, mu mata mu tona rami har iya ƙugu, mu jira ruwa shi tsattsafo mu kwasa da ludayi. Fulani sunka riƙa sauko muna daga Burkusuma da fatun shanu maimakon shanu. 'Yan'uwa na kudu sunka aiko da masara, muna rabawa bakin coci, kowa yaz zaka a ba shi, ba a tambayar inda shike salla.

Cikin wannan hali na kakanki yat tashi daga gindin kurna wata Lahadi, yash shigo da igiyarshi a hannu, yac ce shina son a nutsa shi. Na tambaye shi dalili a gida, yac ce shekara da shekaru waƙarmu na shigarshi awa ruwa a sabon tulu, bai sani ba har yaj jiƙe. Ranar ban san ko ƙasa nike takawa ba!

Amma bakin mutum ya fi wuƙa. Ran kasuwa wani yaj jefa mashi magana, wai Bawa ya sayar da kakanninshi a kan mudun masara. Yad dawo gida, nik kawo tuwo, yat tura mani akushin da ƙafa. Yac ce ba shi ƙara ɗanɗana masarar coci sai ya shiga ruwa da yunwarshi, kowa shi gani ba ciki yat turo shi ba. Ganyen tafasa kawai shike ci da abin da yat tsinto a daji. To ina ruwan da za a nutsa ƙato a shekarar da ake alwala da rabin buta? Fasto yar roƙe shi, yac ce bangaskiya ke ceto ba ruwa ba, shi ci abinci a jira damina. Yaƙ ƙi. Munka yi taron coci, wata tac ce a yayyafa mashi da ƙwarya a huta. Kin san mu komi sai an ɗaga hannu, mace da namiji. Kafin a ɗaga, shi da kanshi yac ce shi ba albasa ba na da za a yayyafa mashi. Anka yi dariya, ni ban yi ba, don ina ganin haƙarƙarinshi ta cikin riga. Ya kai ba shi iya tashi sai na kama shi. Nic ce a raina, yanzu mutumen ga za shi mutu a bakin ƙofa bayan duk jiran da niy yi?

Sai ga Sodangi marini, abokinshi tun suna kiwon awaki, Musulmi na ƙwarai, goshinshi har da tabon salla. Yash shigo shina zaginshi, wai tsohon jaki mai taurin kai, da anka kira shi masallaci shekaru yaƙ ƙi, yanzu kuma za shi kashe kanshi don rami. Yac ce in rami na, shina da na rini a marina sun bushe ba aiki, ga zurfi ga ƙaramin baki, ba su cin ruwa awa gulbi. Wasu sunka yi wa Sodangi surutu. Yac ce masu, zuciya ba akuya ba ta da za a ɗaure ga turke, shi ya so Bawa shi bi shi, amma Allah bai ba shi igiyar ba, kuma ba shi kallon abokinshi shi mutu.

Nana, ki ga aiki! Munka shiga ramin da toka da rairayi muna gurza. Kowace mace ta coci ta rage na sha, ta rage na tuwo, ta kawo tulu. Munka daina wanka, ba mai yi wa wani gori don duk warinmu ɗaya. Matar Sodangi ma ta zuba nata. Har ruwa yak kawo iya ƙirji.

Ranar, marina tac cika da mutane, namu da 'yan kallo. Anka zura kakanki da hannuwa. Ramin ba shi ɗaukar mutum biyu, sai Fasto yad durƙusa bakinshi, yat tambaye shi gaban kowa ko akwai wanda yat tilasta mashi, mata ko yunwa. Yac ce matarshi ta fi haka hankali, yunwa kuwa tana nan, amma ya bar ta bakin rami tare da takalmanshi, shi Yesu shike bi. Fasto yad dafa kanshi yad danna. Da yaf fito, wayyo ƙawata! Ashe duk gurzar da munka yi, baban rinin da yash shige bango shekaru ya saki. Farin gemun nan ya koma shuɗi, gira shuɗi, har hannun Fasto! Muna waƙa muna kuka muna dariya, Sodangi daga nesa ya riƙe ciki ya zauna ƙasa. Nan bakin ramin nim miƙa mashi tuwon masara, yac cinye har da suɗe akushi.

Gemun bai wanke ba sai da damina taf faɗi. Duk wanda yat tare shi a kasuwa yat tambayi mi yas same shi, sai shi tsaya shi ba shi labari tun daga farko, da bakinshi.

Ruwan kuma ba a zubar ba, wa ke zubar da ruwa a shekarar? Sodangi yaz zuba baba a ciki yar rina zane guda yab ba ni. Shi na cikin ƙunshin da Alhassan direba za shi kawo maki. Ya koɗe, kar ki raina shi. In kin fito daga ruwanku na famfo ki yafa shi. Amma ki ji: in don ni za ki shiga, ko don tsaranki sun shiga, ki bar shi a ninke, zane ba shi gaggawa. In Fasto yat tambaye ki, ki amsa da bakinki awa kakanki.

Ki gaida babanki Yari da mamarki Ruƙayyatu, da ƙannenki Maliki da Lawwali. Labbo da Fatu na gaishe ku, jikokin Sodangi ma sun ce a gaida ke. Na gaji, ƙawata, numfashina ya gajarta.

Taki kakarki, Mairama.

Ni Fatu: Inna ta tsaya nan. Ta riƙe zanen a cinya, ba ta ba ni shi in ƙunshe ba tukuna.