Bayan Ɗan Giwa da Nawa

Auta,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar kakarka? Ni lafiya lau, ban da ciwon baya, shi ma da sauƙi.

An ce ka ƙi raka baƙi maharba cikin gandun daji, sai masu ɗaukar hoto. Ban ga laifinka ba, tunda kullum ni ke goge kawunan namun da uban gidana ya harbo. Ka dai lallaɓa, kada a kore ka.

Amma wasiƙarka duk labarin marayan ɗan giwarka ne: ya sha madara, ya yi zawo, ya warke. Ni da na koyi rubutu da furfura saboda kai, layi ɗaya na samu. Allah ya raya maka shi. In ka gama shafa masa baya, ka tambayi nawa.

Mahaifiyarka