Auren Maƙwabciyata Minakshi

Madinat Nasr, Alƙahira
Janairu 2014

Zuwa ga Yayata Hassumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni da maigidana Nata'ala lafiya lau, karatu na tafiya.

Yaya, biki ya same ni. Minakshi, Ba'indiyar da ƙofarta ke kallon tawa, za ta yi aure. A wani kamfanin magani take aiki a unguwar Dokki, angon kuma sunansa Sundaram. Lokacin juyin juya halin nan na Masar suka haɗu, ranar da motoci suka ɗauke ta rasa abin hawa. Shi ya rako ta a ƙasa har gida, ko sunanta bai tambaya ba. Washegari sai ga shi da burodi, wai ko shaguna a rufe suke. An buɗe shaguna tuni, amma burodi bai daina zuwa ba.

Damuwar ita ce mahaifinta. Dukansu Hindu ne, sai dai ita 'yar arewacin Indiya ce, shi ɗan kudu, ko yarensu ba ɗaya ba. Tsohon ya ce bai san asalin yaron ba. A al'adarsu kuwa uba ne ke ɗora hannun 'yarsa a kan na ango, ga mahaifiyarta ta rasu. Jiya a kicin ɗina ta zauna tana hawaye, ta ce, "Kulsum, in Baba bai zo ba, wa zai bayar da ni?" Ki taya mu fatan alheri.

Ƙanwarki,
Ummukulthum

Afrilu 2014

Yaya Hassumi,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa, ki gaishe min da ita sosai.

Tsohon ya zo. Sundaram ne ya tafi har garinsu, ya durƙusa ya nemi auren da yarensu, wanda ya koya a ɓoye. Ya yi ta kwaɓawa har tsohon ya kasa riƙe dariya, ya sa aka kawo wa Sundaram abinci.

Nata'ala ya ce in je in sauke haƙƙin maƙwabtaka, abin da ya shafi ibadarsu kuma in tsaya gefe. Haka na yi. Mun mulke amarya da kurkur har ta koma ɗorawa shar, Awadiyya 'yar Sudan kuma ta zo daga unguwar Hadayek el-Maadi ta zana mata lalle har gwiwar hannu. Wallahi sai na ji kamar kamun amarya a unguwarmu.

A wani lambu aka ɗaura, ƙarƙashin rumfar furanni. Suka rataya wa juna sarƙar fure. Uban ya ɗora hannunta a kan na Sundaram. Aka ƙulle bakin mayafinta da gyalen ango, suka zagaya wutar da aka hura a kasko, kowane zagaye da alƙawarinsa. Daga nan angon ya shafa mata jar hoda a tsagar gashinta, khalas, shi ke nan, aure ya tabbata.

Da za a tafi da ita, amarya kan watsa shinkafa ta bayanta ba tare da ta waiwaya ba, uwa ta tara da mayafi. To ga shi babu uwa. Tsohon ya juyo ya dube ni, ya ce, "'Yata, tsaya mata." Na tambaya ko ibada ce, aka ce godiya ce kawai ga gidan da ya riƙe ta. Na ware mayafina, Yaya, ina dariya ina kuka, shinkafa na zubo min har fuska.

Ki shaida wa Inna ta yi jika Ba'indiya, tunda yanzu Minakshi Umma take kirana, alhali ta girme ni.

Taki har kullum,
Ummukulthum