Ragowar Taliyar Habsatu

Hajiya Bintu, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ko abokaina ban iya faɗa wa ba, don na san sai sun gama dariya kafin su tausaya mini.

Ni mushe ne, wato malami, a wata lekol, makarantar boko, a nan Dungas. Mai ɗakina Habsatu ta rasu bayan ƙaramar salla, ciwon 'yan kwanaki, ta bar ni da 'yarmu Nazifa da ƙaninta. Habsatu gwanar taliyar murji ce. Ba ta sayarwa take yi ba, ta gida ce kawai, amma duk wanda ya ci tata sai ya raina ta kanti. Ranar da ba lekol take kwaɓa fulawa, ta ɗaure injin a jikin benci, ta kira ni. Aikina ɗaya ne, juya hannun inji. Ita ke saka curin, ta tarbi taliyar a hannu, ta rataya a igiya, in ta sha iska ta naɗe ta kamar gammo. Kullum sai mun yi musu. Ta ce ina juyawa kamar wanda aka biyo, ni kuma in ce ita ce mai nawa. Maƙwabta sun sha leƙowa su ga mushe guda ya naɗe hannun riga yana murza taliya, su yi ta mini tsiya. Ban taɓa jin kunya ba, don a bakin bencin nan muka yi hirarmu mafi daɗi.

Bayan an share makoki ina gyara ɗakinta, sai na tarar da roba mai murfi a ƙarƙashin gado, cike da taliyar da muka murza ta ƙarshe. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na mayar da murfin na tura ta inda take. Tun daga lokacin nakan buɗe in duba, in ga yadda ta naɗe kowace da hannunta, in rufe.

Yayata Daso ta baro gonarta a Dogo-Dogo ta zo tana riƙe mana gida. Ita ma ta ga robar wajen shara. Ta ce a dafa wa yara, ba a ajiye abinci don kallo, ga damina ta kankama, laima za ta lalata ta. Hajiya, Dason nan da ta goya ni, ita na ɗaga wa murya. Tun ranar daga gaisuwa ba ta ƙara komai, kuma abin yana ci mini rai.

Na ce to bari in murza sabuwa in rufe bakin kowa. A nan na gane rabin aikin kawai na sani. Kwaɓin ya yi ruwa, ya liƙe a haƙoran injin, na wuni ina sakace shi da tsinke kamar mai sakace haƙori. Nazifa na tsaye tana kallona. Can ta ce, "Baba, na fara manta ɗanɗanon taliyar Mama."

Jiya da na buɗe robar na ga ƙananan ƙwarin nan na gari sun fara yawo a ciki. In na dafa, shi ke nan, babu sauran abin da hannunta ya yi a gidan nan. In na bari, ƙwari su cinye. Ni ban san ma ko lafiyata ƙalau ba, babba da ni ina gadin taliya. Yaya zan yi?

Mai juya inji, daga Dungas.

Amsa

Malam, Allah ya jiƙan Habsatu, ya sa ta huta. Lafiyarka ƙalau. Wani riga yake ajiyewa, wani takalmi, kai taliya ka samu. Ban yi dariya ba, kuma wanda ya taɓa rashi ba zai yi ba.

Amma Yaya Daso ta fi ka gaskiya a kan abu ɗaya: riga tana jira, taliya ba ta jira. Inda ta kuskure, ta yi maka maganar abinci alhali kai ba abinci kake gani a robar ba. Ka same ta ka ba ta haƙuri, ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, har zancen bencin. Mace da ta bar gona ana tsakiyar noma saboda kai ba za ta kasa fahimta ba.

Yau ɗin nan ka juye taliyar a faifai ka duba. Wadda ta yi baƙi-baƙi ko take warin laima ka ware, kada yara su ci. Sauran ka baza a rana ƙwarin su gudu, ka kaɗe. Kai za ka sa ranar dafawa, amma kada ta wuce makon nan. Ka gaya wa yaran tun da wuri cewa ta Mama ce kuma ita ce ta ƙarshe, kada su ci a rashin sani su zo suna jin haushinka in sun girma. A dafa yadda take dafawa, in da wake ne da wake, in manja da yaji ne haka. A zuba kwano ɗaya a kai wa maƙwabta sadaka. Wanda kuka ya zo masa ya yi abinsa, ba ya hana cin abinci.

Batun kwaɓi kuwa, ruwa ka cika. Kaɗan-kaɗan ake zubawa, da gishiri, a murje har wuyan hannu ya gaji, ya yi tauri ba ya kama yatsa. Ka rufe shi ya huta, ka yanka ƙanana, ka barbaɗa gari, ka bi da shi ta bakin faɗi na injin sau da yawa kafin ka kai shi bakin yanka. Aikin mutum biyu ne, ka sani. Ka ba Nazifa hannun injin, kai ka koma wajen tarba. Ba za ta yi kamar ta Habsatu ba, kada ma ka sa rai, amma za ta ciwu.

Malam, baiwar Allah nan ba ta tsaya ta naɗe taliyar nan ɗaya bayan ɗaya don ƙwari ba. Ku ta yi wa. Ta gama nata tun tuni, saura naku. Ka kira yaranka ku wanke hannu ku ci.

Allah ya ba ka haƙuri, ya raya Nazifa da ƙaninta, ya saka wa Yaya Daso da alheri.

Hajiya Bintu