Wasan da Muka Bari a Bakin Gada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Yagana, matar marigayi Mahmudu, mazauniyar Tanout, nake rubuta wannan da hannuna. Jikina ya yi rauni, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tilasta ni. Zuwa gare ku 'ya'yana, Haris da Ramla da Abdulmajid.

Na farko. Gida da gonar Ollelewa da 'yan awakin da suka rage, a kira malamai su raba yadda Allah Ya ce. Ba ni da ta cewa a nan. Roƙo ɗaya nake yi: kada a sare gawon da ke tsakiyar gonar, ko a rabon wa ya faɗo. A inuwarsa mahaifinku yake shan fura in an tashi daga noma.

Na biyu. Tsohuwar kwamfutar da ke ɗakina, wadda nake rufewa da zane, na ba jikata Fatima, ɗiyar Ramla, tare da fayafayan da ke cikin kwali. Haris, na san za ka yi dariya, don ka sha ce mini ko mai sayen tsohon ƙarfe ba zai ɗauke ta ba. Bari in faɗa maka abin da ban samu sukunin faɗa ba.

Lokacin da nake sakatariya a buron wani furoje, wato ofishin wani shirin tallafa wa kiwo, ni ce macen da aka fara koya wa taɓa wannan na'ura a wurin. Da furojen ya ƙare aka bar mini ita. A cikinta muka tarar da wani wasa da Faransanci, irin wanda mutum ke haɗa ayarin matafiya, ya raɗa musu suna, ya bi da su gari gari suna jin koken mutane suna yanke shawara. Mahaifinku ya fara kallonsa a matsayin shirme. Bai yi wata ba sai ga shi yana dawowa daga kasuwar dabbobi yana tambayata ko an kawo wuta.

Kun tuna ranakun Lahadi bayan la'asar? Ni ke danna maɓallai, shi yana karantawa yana mayar muku da Hausa, har yana canza murya. Sarkin wasan ya ba shi muryar mai unguwarmu, ɓarawon kuma muryar wani dillalin raƙuma da ba sa shiri. Mutanen ayarin sunayenku suka ɗauka. Haris ne mai takobi, Ramla mai magani, Abdulmajid kuwa mai kwari da baka, don shi ne ƙarami, kullum a baya yake tsayawa. Ba a buɗe ƙofa sai kowa ya faɗi ra'ayinsa. Akwai ranar da muka shafe yamma guda muna gardama a kan ko a saki wani fursuna, har tuwo ya kama a tukunya. Ramla ta yi kuka sai da aka sake shi.

Na uku, amsar tambayar Fatima. Da ta zo hutu daga Belbeji ta tambaye ni ko irin waɗannan tsofaffin wasanni sun cancanci a ɓata musu lokaci yau, alhali na waya sun fi kyau da sauri. Na ce mata sai na yi tunani. To ga abin da na gani.

Gaskiya ne hotunansu ba kyau, fuskar mutum kamar an jera ƙwayar gero. Suna da nawa, suna da yawan karatu, wani lokaci ka yi mako kana yawo ba ka san inda za ka nufa ba, kuma ba mai nuna maka. Wanda ke son abin da zai taɓa yana jiran mota a tasha, ya riƙe wayarsa, ban ga laifinsa ba. Amma na zauna na kalli jikokina da wayoyin nan. Kowa ya sunkuyar da kai shi kaɗai, in ya gama kuma ba ya da labarin da zai ba wani. Mu kuwa shekara nawa ke nan, har yau in na ce fursunan nan, Ramla ta san wanda nake nufi. Da wasan nan Haris ya iya karatun Faransanci fiye da 'yan ajinsu a lakwal, shi da yanzu yake raina shi. Saboda haka amsata ita ce, sun cancanta, in za a yi su a hankali kuma a yi su da mutane. Dodanni da matsafan da ke ciki, ki ɗauke su kamar na tatsuniya. In an kira salla a tashi, wasan zai jira. Ni shaida ce yana jira.

Na huɗu. A cikin na'urar akwai wasanmu na ƙarshe, a ajiye inda muka tsaya. Ayarin yana bakin wata gada, birnin da muka daɗe muna nema yana tsallake. Mahaifinku ya ce a bari sai Lahadi mai zuwa. Kafin Lahadin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Bayan wasu shekaru Abdulmajid ya tafi Aljeriya neman aiki. Tun daga nan nakan kunna in dubi mutanen ayarin a tsaye, in kashe. Ban taɓa tsallakar da su ba, don ba ni kaɗai na kawo su wurin ba.

Haris, kai ne mai gyaran waya a Damagaram, ka san hanyar abin. Na'urar ta fara ƙugi in an kunna ta. Ka kwashe wasan ka sa a sabuwa tun ba ta mutu ba. Kada kowa ya tsallaka gadar sai ku uku kuna zaune a tabarma ɗaya. Fatima ta danna, ɗayanku ya karanta. Ina so wani daga gidan nan ya ga abin da ke cikin birnin.

Na biyar, kuma shi ya fi nauyi a zuciyata. Maganar shanun mahaifinku ta ƙare daga yau. Abdulmajid, shekarar farin nan ina nan, da idona na ga shanun ba sa iya tashi sai an ɗaga su da sanda. Da yayanka bai sayar ba, da mushe za ka tarar. Haris, kai kuma ka yi kuskure da ba ka kira ƙanenka ka shawarce shi ba, don a gidan nan ba haka aka tashe ku ba. Kai ne babba, kai za ka fara kira. Ramla, kin gaji da kai saƙo tsakanin 'yan'uwanki, na sauke miki wannan kaya.

Abdulmajid, auta, na so in ga fuskarka. Muryarka a waya ba ta ishe ni ba. Duk motar da ta taso daga Agadez ta tsaya a tasha, sai na ji kamar kai ne za ka yi sallama. Ban riƙe ka da komai ba, na san nema ya kai ka. In ka iso ka tarar ba na nan, kada ka tsaya a ƙofar gida kana jin kunya. Ka shiga, ɗakinka a share yake.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku biyayya, Ya sa ku riƙe juna da hannu biyu. Ku yi wa mahaifinku addu'a, ku haɗa da ni. Allah Ya tara mu a inda ba a rabuwa.

Mahaifiyarku,
Yagana